Wata tara ina gwada sana'ar garin kayan miya kafin na zuba mata jari

A watan Nuwamba na 2023 kwasar adashinmu na malaman makaranta ta zo kaina, naira 600,000 cif, kuma tun kafin kuɗin su shigo hannuna na riga na gama kashe su a zuci. Niyyata ita ce in sayi injin niƙa, in kama ɗan shago a bakin titin unguwarmu a Kano, in riƙa busar da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ina niƙewa, ina ƙullawa a leda mai tsafta, ta yadda uwargida za ta farke leda ɗaya ta yi miya ba tare da ta aiki yaro markaɗe ba. Abin da ya kawo mini tunanin kuwa kowace mace ta san shi. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yana yin arha har a ga an zubar da shi a bakin kasuwa, amma da an shiga Mayu sai ya zama sai mai hali, mu koma ga kauɗa, wadda sai an jiƙa an wanke sau uku kafin a rabu da ƙasar da ke cikinta, kuma duk da haka miyar ta fito baƙa. Na ɗauka cewa duk wadda ta sha wannan wahalar za ta yi maraba da kayana, saboda haka ban ga abin da ya rage ba illa in fara.

Maigidana ne ya ce kafin in biya kuɗin inji in je in gaida kawuna, wanda ya shekara fiye da talatin yana sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, in faɗa masa abin da nake shirin yi. Na same shi bayan la'asar, lokacin da ciniki ya ɗan lafa, na kwashe bayani kaf na yi masa, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Da na yi shiru sai ya tambaye ni: "To 'yar nan, mutum nawa ne suka ba ki kuɗinsu suka karɓi wannan garin?" Na ce ai ban fara ba tukuna, Kawu. Ya ce, "Ashe cinikin biri a sama za ki yi. Injin niƙa yana nan a kowace unguwa, ki ba da naira ɗari biyar a niƙa miki. Abin da ba ki da shi mai saye ne, kuma shi ba a sayar da shi a kasuwa." Ya tuna mini cewa kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, da duk ƙarfinsa, ya tsaya da aiki a 2016 jim kaɗan bayan buɗe shi, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, ya ce idan tumatir ya iya tsayar da wannan, to ni ma in ji tsoronsa. Muka rabu a kan sharaɗi biyu: ba zan kashe fiye da naira 150,000 a gwaji ba, kuma duk abin da na kashe ko na karɓa, ko naira hamsin ce, sai na rubuta shi a littafi. Na fito daga rumfarsa raina a ɓace, domin na je neman addu'a da ƙarfafa gwiwa ne, na dawo da aikin da ban shirya masa ba.

Matakin farko shi ne tambayar mutane, kuma a nan na yi kuskuren da ya kusa ruɗe ni. A cikin Disamba na tambayi mata arba'in, wasu abokan aikina, wasu 'yan islamiyyarmu, wasu maƙwabta, kuma tambayar da nake yi ita ce: "Idan na kawo garin kayan miya mai tsafta za ki saya?" Talatin da bakwai suka ce za su saya, wasu har da yi mini addu'ar Allah ya sa albarka. Na kai wa Kawu littafin ina murna, ya duba ya ce wannan lissafin kara ne, ba lissafin kasuwa ba, domin babu wadda za ta dubi idona ta ce ba ta son abin da nake ɗoki a kansa. Sai na koma na canza tambayar. Na daina ambaton kayana gaba ɗaya, na riƙa cewa: bara da tumatir ya yi tsada, da me kika riƙa yin miya, nawa kike kashewa a tukunya ɗaya, wa yake sayo cefanen, kuma me ya fi ba ki haushi a ciki? Amsoshin suka bambanta ƙwarai da na farko. Da yawa suka ce su miyar kuka da kuɓewa suke komawa har tumatir ya sauko, wasu suka ce tumatirin leda na kanti suke haɗawa da ɗan attaruhu, wasu kuma suna da buhun kauɗarsu da ake aiko musu daga ƙauye kyauta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fiye da rabinsu ba su ne ke riƙe kuɗin cefane ba, maigida ne ke tsayawa wurin mai kayan miya a hanyarsa ta dawowa, wato mutumin da zai yanke shawarar saye ban ma yi magana da shi ba.

A farkon Janairu na 2024 na je kasuwar 'Yankaba na sayi ƙaramin kwando da ɗan tattasai, duka da kuɗin a-daidaita-sahu naira 7,000, don in gwada shanya. Na yanka na baza a kan buhuna a saman soro kamar yadda na ga ana yi a ƙauye. Kwana biyar ya ɗauka, kuma da yake lokacin hazo ne, abin da na sauko da shi bai fi kauɗar kasuwa da komai ba: ya yi duhu, ya kwashi ƙura, wanda na yanka da kauri ma cikinsa ya yi tsami kafin bayansa ya bushe. Na daka kaɗan na yi miya, muna ci ana jin ƙasa a haƙori. Ranar na gane cewa abin da nake cewa zan sayar, wato tsafta da jan launi, ban iya yin sa ba tukuna, kuma da na sayi injin da tuni ina niƙa ƙura da shi. Na zubar da sauran, na je wurin wani kafinta na zana masa abin da nake so: gado mai ƙafafu da ya kai ƙugu, shimfiɗarsa ta raga don iska ta shiga ta ƙasa, samansa kuma murfi mai farar leda mai kauri, gefe da gefe ragar sauro. Ya yi mini guda biyu a kan naira 28,000, ya ce kwana uku, ya ɗauki kwana tara.

Don sayen kaya na biyu na bi shawarar wani mai kayan miya na unguwarmu na tafi Kwanar Gafan, kasuwar tumatir da ke ƙaramar hukumar Garun Malam a kan hanyar Zariya, inda manoman rani na yankin Kadawa da Kura, masu ban ruwa daga madatsar Tiga, suke kawo kayansu ana loda wa motocin Kudu. Na tafi da ƙanina muka isa wajen ƙarfe bakwai na safe, kuma duk wanda zai je ya sani cewa ba kai-tsaye ake ciniki da manomi ba, dillali ne ke tsakani, yana da la'adarsa, 'yan dako ma suna da nasu a kan kowane kwando. Ya kamata kuma a sa hannu a tona kwandon, domin na sama shi ne ado. Wani dattijo da ya ji abin da zan yi da shi ya hana ni sayen mai ruwa, ya nuna mini irin da suke kira UTC, mai tauri da kaurin nama, ya ce shi ne ke jure shanya. Na sayi kwando biyu a kan naira 9,000 kowanne, tattasai da attaruhu da albasa na naira 11,000, mota da dako da la'ada suka ci naira 6,000. Da muka dawo na kira 'yan mata biyu na maƙwabta suka taya ni wanki da yanka, na ba su naira 3,000, muka yanka siriri, muka cire duk wanda ya fashe.

A nan ne lissafi ya fara koya mini abin da baki ba zai iya ba. Na ari sikeli na auna: kowane kwando, bayan an fitar da ruɓaɓɓe, ya ba ni wajen kilo 42. Gadajen biyu ba su iya ɗaukar kayan a lokaci ɗaya ba, sai da na yi zubi uku, kowane zubi kwana uku zuwa huɗu, kuma na ƙarshen ya fara laushi kafin layi ya zo kansa. Da komai ya bushe na niƙa na tankaɗe, kwanduna biyun nan da mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ko ɗaya daga cikinsu suka koma garin kilo 4.4 kacal. Ba asara aka yi mini ba, haka tumatir yake, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, amma sanin hakan a takarda daban, ganin sa a cikin ɗan bokiti daban. Wurin niƙa ma akwai abin lura: injin unguwa yana niƙa masara da dawa duk yini, idan aka zuba tumatir a bayansu garin zai fito da fari-fari da ɗanɗanon tsaki, don haka na yi magana da mai injin ya kwance ya goge, na zo da asuba na zama ta farko, na biya naira 2,500. Na haɗa da garin tattasai da attaruhu da albasa ya zama kilo 6.5, na sayi leda da 'yar takardar mannawa na naira 7,500, na ari injin liƙe leda wurin wata mai yin cincin, na ƙulla giram 50 a kowace leda, na samu leda 130. Jimillar abin da na kashe a wannan zubin naira 48,000 ne, wato kowace leda ta tsaya mini kusan naira 370 ba tare da na sa ladan wahalata ba, sai na yanka mata farashin naira 500.

Na raba leda talatin kyauta don a ɗanɗana, kuma yau da zan sake da goma kawai zan bayar. Yabo ya yi ta zuwa ta WhatsApp, ana cewa miyar ta yi ja, ta yi ƙamshi, babu ƙasa, kuma na ji daɗin hakan matuƙa domin ya nuna gadajen shanya sun yi aikinsu. Sai dai da na sanar cewa ga kaya nan na sayarwa, daga cikin mutum talatin ɗin nan shida ne suka saya. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, wato mako shida, leda 38 na sayar cikin ɗari. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, na sa rai ciniki zai buɗe saboda hidimar buɗa-baki, amma bai buɗe ba, kuma dalilin a bayyane yake: a lokacin naira 500 tana cika leda da ɗanyen tumatir mai kyau a bakin kowane layi, babu dalilin da zai sa mace ta bar sabo ta sayi busasshe. Wata abokiyar aikina, wadda nake gode mata har yau saboda ba ta yi mini kara ba, ta ce, "Malama, kayanki suna da kyau, amma kin kawo laima ana tsakiyar rani." Makonnin nan sun yi mini nauyi. Nakan buɗe kwalin in ƙirga ledojin da suka rage, in rufe, in ji kamar kowa a makaranta yana kallona a matsayin wadda ta fara abin da ya fi ƙarfinta.

Abin da ya hana ni watsar da komai shi ne littafin nan da Kawu ya tilasta mini. Da na zauna na bi sunayen masu saye ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani abu da ban nema ba. Mutum bakwai ne suka dawo suka sake saye, kuma babu matar aure mai babban gida ko ɗaya a cikinsu. Uku ɗalibai ne 'yan Jami'ar Bayero da ke zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, waɗanda ƙanwar maigidana ta kai wa, biyu malamai ne maza da iyalinsu ke wani gari, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, ɗaya kuma wata baiwar Allah ce da ke aika wa ɗanta mai hidimar ƙasa a Kudu. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na tambayi dalilin dawowarsu, kuma babu wanda ya ambaci tsadar tumatir. Abin da suka faɗa shi ne ba su da firji, ko suna da shi babu wuta, ba su da yaron aike zuwa markaɗe, kuma idan suka sayi ɗanye rabinsa ruɓewa yake kafin su sake girki. Ɗaliban suka ƙara da cewa giram 50 ya yi wa mutum ɗaya yawa, idan suka farke suka ajiye ragowar sai ya daskare, kuma yajin ya yi ƙarfi ga mai dafa taliya. Ashe wadda na yi wa kayan tun farko ba ita ce mai buƙatarsu ba a wannan lokacin.

Na koma Singa da wannan bayani, Kawu ya ce gwajin bai ƙare ba, rabinsa na yi, domin sana'ar da aka gina a kan tsadar tumatir ba a yanke mata hukunci a lokacin arharsa. Ya ce in ƙara zubi ɗaya kafin kaka ta wuce in ajiye. Na yi jinkiri sosai kafin na yarda, domin ƙara kuɗi a kan kayan da ba su fita ba abu ne mai wuya a zuciya. A ƙarshen Maris na sake komawa Kwanar Gafan na sayi kwando uku a kan naira 7,500 kowanne, duka hidimar zubin ta tashi naira 62,000, abin da zai ba ni kimanin leda 200. Zafin rana ya ƙaru a lokacin, hazo ya tafi, shanyar ta fi sauri kuma launin ya fi kyau. Rabi na niƙa na ƙulla nan take, rabi kuma, saboda mai injin liƙe leda ta karɓi kayanta za ta yi aikin sallah, na zuba shi yadda yake busasshe a bokitin roba mai murfi na rufe. Wannan abin da na ɗauka cikas ne ya zo ya zama gwaji mafi amfani da na yi.

Daga tsakiyar Mayu tumatir ya fara ɓacewa, zuwa Yuni, gab da babbar sallah, kwandon da na saya naira 7,500 ya ninka sau da yawa, naira 500 ba ta wuce 'yan ƙwayoyi huɗu ko biyar ƙanana. Ban yi wani sabon talla ba illa hoto ɗaya da na sa a WhatsApp, amma matan da suka yi shiru a watan Maris su ne suka fara kirana, wasu mazajensu ne ma suka zo ƙofar gida da kuɗi. Na mayar da leda naira 700 don in ga ko za a ja da baya, mutum biyu ne kawai suka yi ƙorafi, kuma su ma sun saya. Wata mai sayar da shinkafa da miya a bakin tasha ta karɓi leda ashirin a lokaci ɗaya, ta dawo bayan mako guda. Sai dai damina ta zo da nata darasin. Garin tumatir yana jan laima ƙwarai, kuma siririyar ledar da na yi amfani da ita ba ta tare danshi, saboda haka da aka yi ruwa biyu-uku sai na tarar wasu ledojin sun dunƙule sun yi tauri kamar dutse, launinsu ya koma ruwan ƙasa. Na ware leda 41 na cire su daga sayarwa, biyu da suka riga suka fita na mayar wa masu su kuɗinsu na ba su haƙuri. Na bokitin nan kuwa da ban niƙa ba, na buɗe na same shi garau. Na niƙa shi a lokacin, na sayi leda mai kauri mai ruwan azurfa a ciki ta naira 9,000, na ƙulla, kuma har suka ƙare babu wadda ta dunƙule.

A cikin wannan lokacin na kuma gwada shaguna. Na ajiye leda goma sha biyu-biyu a shagunan unguwa biyar a kan naira 600, da sharaɗin sai an sayar a biya ni. Huɗu sun sayar sun biya, ɗaya ya sayar amma har yau ana ce mini in dawo gobe, naira 7,200 ke nan da na rubuta a shafin asara. Da na kai samfuri wani babban kanti, manajan ya juya ledar ya duba bayanta ya tambaye ni lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar da kayan za su lalace, na ce babu, ya mayar mini cikin mutunci ya ce ba za su iya ɗora abincin da ba shi da rajista a kan kanta ba. Ya yi gaskiya, kuma maganarsa ta sa na gane cewa ajiye kayan a shaguna tun farko bai dace ba, domin abincin da aka ƙulla aka manna wa suna don sayar wa jama'a doka ta ce sai an yi masa rajista. Daga nan ban sake kai wa shago ba, na tsaya ga waɗanda suka san ni suka san inda ake yin kayan, na kuma ƙudura cewa ba zan faɗaɗa ba sai da takardu.

A watan Yuli, bayan kaya sun ƙare, na fara bin ofisoshi, kuma na gode wa Allah da ban fara da su ba, domin da na yi rajista a Nuwamba da sunan da ma irin kayan duk sun bambanta da abin da na ƙare a kai. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta intanet ake yi, na je wani shagon kwamfuta da lambar NIN, hoton fasfo, sa hannuna a farar takarda, adireshin wurin sana'a, lambar waya da imel. A lokacin ana fara neman suna ne, a ba da guda biyu, kuɗinsa naira 500. Sunayena na farko ba su samu shiga ba saboda sun yi kama da waɗanda wasu suka riga suka yi wa rajista, na sake biya na ba da wasu, aka amince da ɗaya bayan kwana biyu, kuma ana riƙe wa mutum sunan kwana sittin ne kawai, don haka ba a jinkiri. Kuɗin rajistar kanta naira 10,000 ne a lokacin, ta shafin biyan kuɗi na Remita, mai shagon kuma ya karɓi ladan aikinsa daban. Kuɗaɗen hukumar sun canza daga baya, saboda haka a duba shafinta kafin a fita daga gida. Takardar shaidar ta fito cikin mako guda, aka sauke aka buga mini. Inda na ɓata lokaci shi ne buɗe asusun sana'a a banki, domin jerin sunayena a NIN ya saɓa da na BVN, kuskuren da ni na yi shi tun shekarun baya, sai da na yi zuwa uku cikin mako biyu kafin a daidaita.

Ofishin NAFDAC kuwa tambaya kawai na je yi, na zauna kamar awa ɗaya kafin a kira ni, jami'ar da na samu ta yi mini bayani dalla-dalla. Ana neman rajistar ta shafinsu na NAPAMS, kuma daga cikin abin da ake buƙata akwai takardar CAC, shaidar rajistar tambarin kaya, samfurin takardar da za a manna wa leda, shaidar feshin maganin ƙwari a wurin aiki, da takardar gwajin lafiyar masu taɓa abincin. Takardar mannawar dole ta nuna sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, lambar zubi, ranar da aka yi, ranar da zai lalace da adireshin mai yi. Bayan haka jami'ai za su zo su duba wurin, a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaje-gwaje, idan komai ya yi a ba da lamba mai aiki na shekara biyar. Abin da ya fi muhimmanci gare ni shi ne wurin aikin dole ya zama keɓantacce, ba madafar gida da ake girkin iyali ba. Nan take na gane inda kuɗina ya kamata su tafi: ɗaki mai tsafta da wurin shanya, ba shagon bakin titi ba.

Da na rufe littafin, abin da na kashe a gwajin kansa, ban da kuɗin takardu, naira 154,000 ne, na haura iyakar Kawu da dubu huɗu. Abin da ya shigo kuwa naira 160,500: leda 38 a kan 500, leda 161 a kan 700, da leda 48 na shaguna a kan 600. Rarar naira 6,500 a wata tara ba riba ba ce idan aka sa wahalata a ciki, amma ba riba na fita nema ba, amsa na fita nema, kuma na same ta da kuɗin da suka dawo. Wanda zai bi wannan hanya, da kowace irin sana'a, ina ba shi shawarar kada ya tambayi mutane ko za su saya, ya tambaye su abin da suka yi da abin da suka kashe a karo na ƙarshe da matsalar ta same su, domin mutanenmu suna da kara, kuma kara ba ta biyan kuɗin haya. Ya ari duk abin da za a iya ara, ya biya a yi masa duk abin da za a iya biya, har sai ya ga mutum ya saya ya dawo ya sake saye, sa'an nan ya kira wanda ya dawo ɗin ya ji dalilinsa, ko da dalilin ya rushe tunaninsa na farko. Idan kayan suna da kaka, kamar duk abin da ya fito daga gona, gwajin wata ɗaya yaudara ce, ko ta sa ka fid da rai ko ta sa ka zaƙe. Da a Maris na tsaya da na ce sana'ar ba ta da amfani, da kuma a Yuni na fara da na ci bashi na sayi inji biyu. Kayan kansu ma a bar su su kwana su ga damina kafin a rubuta musu ranar lalacewa.

Yanzu tsarin ya koma haka: ina shanya daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu, ina ajiye busasshen ba tare da niƙa ba, ina niƙa na mako biyu-biyu gwargwadon abin da aka nema. Ledar ta zama iri biyu, ƙarama mai giram 25 mai sauƙin yaji don ɗalibai da masu zaman kaɗaici, waɗanda ke saye duk shekara, da babba mai rabin kilo don masu abincin sayarwa, waɗanda ba sa waiwayata sai Mayu. Kafin in sa kafinta ya ƙara gadajen shanya huɗu, na nemi masu abincin nan su ba da kafin alƙalami na rabin kuɗin abin da suke so a ajiye musu, na faɗa wa mutum tara, biyar suka biya, kuma da adadin waɗannan biyar ɗin na yi lissafin kwandunan da zan saya, ba da na taran ba. Ɗakin da ke zauren gidanmu, wanda da muke tara tarkace a ciki, an yi masa daɓen tayil da silin da ragar taga da wurin wanke hannu, shi nake shiryawa don zuwan masu dubawa. Injin niƙan ban saya ba har yanzu, ina zuwa wurin mai injin unguwarmu da asuba ranar Asabar, kafin masu masara su fara layi.